Gida Ya Bar Shi Yana Ciki: Sharhi a Kan Rushewar Duniyar World of Warcraft Daga Mazaunin Baƙon Najma

Tsakure

Ranar 23 ga Nuwamba, 2010, kamfanin Blizzard ya sauya taswirar tsohuwar duniyar wasan World of Warcraft, wadda miliyoyin mutane suka shafe shekara shida suna kai da komo a cikinta, domin share fage ga sabon kashin wasan mai suna Cataclysm. Wannan maƙala ta yi sharhi a kan sauyin a matsayin aikin adabi, ta kuma auna shi da ma'aunin kufai, kamar yadda Bahaushe ya san shi da kuma yadda ya zo a ƙasidun Larabawa na zamanin Jahiliyya. An karanta wasan daga mazaunin ɗan wasa baƙo da ke zaune a unguwar Najma ta birnin Doha, birnin da shi ma ake ta rushewa ana sake ginawa a daidai wannan lokaci. Maƙalar ta nuna cewa Cataclysm ya yi nasara wajen gyara tafiyar wasa, amma ya gaza a matsayin labarin rashi, domin ya gina wa mutanen cikin labari kufai, ya hana wa mai wasa nasa.

Fitilun Kalmomi: kufai, wasan kwamfuta, Cataclysm, baƙunta, Najma

1.0 Gabatarwa

Fagen nazarin Hausa ya daɗe da karɓar wasa a matsayin abin nazari. An yi rubuce-rubuce a kan tashe da langa da dara da gaɗa, daga baya aka shiga finafinan Kano da ƙagaggun labarai na zamani. Wasan kwamfuta, wanda a yau yake cin sa'o'in matasan Hausawa a gida da ƙetare, bai samu irin wannan kulawa ba, wataƙila saboda ana ganinsa kayan aro ne da ba shi da abin faɗa wa Bahaushe. Tambayar da aka sa a gaba a nan ita ce me tunanin Bahaushe zai iya hangowa a cikin wasan wanda masu shi suka tsallake.

Kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar da World of Warcraft ranar 23 ga Nuwamba, 2004, ya kuma isa Turai a watan Fabrairu na 2005. Wasa ne na intanet da dubban mutane ke shiga a lokaci guda. Kowa yakan ƙirƙiri jaruminsa, ya zaɓa masa jinsi da sana'ar yaƙi, ya sa shi cikin ɗaya daga ɓangarori biyu masu gaba da juna, Alliance ko Horde. Sunan duniyar Azeroth, kuma da farko nahiyoyi biyu gare ta. Jarumi yana girma mataki-mataki ta hanyar cika aiken da mutanen cikin labari ke ba shi, wato waɗanda kwamfuta ke sarrafawa: manomi ya ce a koro masa ɓarayi, mai masauki ya ce a kai masa wasiƙa gari na gaba. Ana biyan kuɗin shiga duk wata. A watan Oktoba na 2010 kamfanin ya sanar da cewa masu biya sun kai miliyan 12.

Wannan duniya ba ta tsayawa idan mutum ya kashe kwamfutarsa, kuma a shekarunta shida na farko kusan ba ta canza kama ba. An ƙara mata sababbin ƙasashe a 2007 da 2008, amma tsofaffin garuruwa da hanyoyi suna nan yadda aka san su. Wanda ya yi watanni bai leƙo ba zai tarar da mai masauki tsaye inda ya bar shi. Wannan dawwama ita ce Cataclysm ya karya.

2.0 Ma'aunin Kufai

Manazarta wasannin intanet sun riga sun tabbatar da cewa masu wasa suna ɗaukar waɗannan duniyoyi a matsayin mazauni. Taylor (2006) da Nardi (2010) sun nuna yadda zumunci da al'ada ke tsira a cikinsu. Pearce (2009) ta bi sawun 'yan wasan Uru bayan rufe duniyarsu a 2004, ta tarar suna kiran kansu 'yan gudun hijira, har sun sake gina wasu sassan tsohon mazauninsu a cikin wasu wasannin. Sai dai abin da ya sami 'yan Uru rufewa ce baki ɗaya. Abin da ya sami 'yan Azeroth ya fi wannan wuyar suna: ƙofa a buɗe take, sunan gari bai canza ba, amma garin ba shi ne ba.

Hausa tana da kalmar da ta dace da auna irin wannan. Kufai shi ne wurin da aka taɓa zama aka tashi. Ana gane shi da kukoki da tsingaro da ramukan marina da tudun tsohuwar ganuwa. Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, kufai ne. Haka Surame ta Kanta. Kufai yana da sharuɗɗa biyu da suka shafi wannan nazari. Na farko, ba a tsara shi. Abin da ya rage ne bayan mutane sun tafi. Na biyu, ana iya komawa a tsaya a kansa, jika ya nuna wa ɗansa inda rijiyar gidansu take. Sharaɗi na biyu shi ne ƙashin bayan buɗewar ƙasidar Jahiliyya, wadda ɗaliban makarantun zaure na Kano da Sakkwato suka sani daga karatun Shu'ara'u: mawaƙi irin su Imru'ul Ƙaisi yakan fara da tsayuwa a tsohon zangon masoyiyarsa, yana karanta alamun da iska ba ta gama shafewa ba. Baƙin cikin mawaƙin yana da wurin tsayawa. Ita ma Katar tana da nata kufan a Zubara, garin masu lu'ulu'u da aka ƙone a 1811, wanda UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2013.

Game da baƙon Najma da ake ambato a wannan maƙala, mazauni ne na karatu, irin abin da Iser ke nufi da mai karatun da matani ya tanada. Ana nufin duk ɗan wasan da ke zaune a Doha bisa takardar iƙama, yana haya a tsohuwar unguwa, yana shiga Azeroth ta uwar garken Turai, wato na'urorin kamfanin da ke ɗauke da duniyar, tunda yankin Gabas ta Tsakiya ba shi da nasa. Idan ƙungiyarsa ta sa farmaki ƙarfe takwas na dare agogon Faransa, shi a wurinsa ƙarfe goma ne a lokacin sanyi. Baƙo ne a birnin da yake kwana, baƙo ne kuma a agogon duniyar da yake hutawa a cikinta.

3.0 Daren da Aka Sauya Taswira

Labarin da aka gina sauyin a kansa gajere ne. Wani dodo mai fukafukai, Deathwing, ya fasa ƙasa ya fito daga maɓoyarsa, fitowar tasa ta girgiza duniya. An yi makonni ana share fage da ƙananan girgizar ƙasa da masu wa'azin tashin duniya a titunan manyan birane. Amma rushewar kanta babu wanda ya gan ta. An kashe na'urori domin gyara kamar yadda aka saba yi kowane mako, aka ɗora faci mai lamba 4.0.3a, aka kunna. Wannan ya faru a Amurka ranar da wasan ya cika shekara shida cif, a Turai kuwa washegari. Mutum ya kwanta a wata duniya, ya tashi a wata. Sauyin ya shafi kowa, har da wanda bai sayi sabon kashin ba, wanda ya fito ranar 7 ga Disamba, aka sayar da kwafi miliyan 3.3 a yini guda.

Ɓarnar tana da yawa. Barrens, faffaɗan dajin da kusan duk ɗan Horde ya yi ƙuruciyarsa a ciki, ya tsage biyu da kwazazzabon wuta. Ruwa ya cinye kwarin Thousand Needles, filin tseren da ke ƙarshensa ya koma ƙasan teku. Madatsar ruwa ta Loch Modan ta fashe, tafkin ya tsiyaye. Garin Auberdine na bakin teku ya ruguje. An ƙone zangon Taurajo, an shafe Southshore da annoba, unguwar lambu ta birnin Stormwind ta zama rami mai hayaƙi, Orgrimmar kuwa aka sake mata gini da baƙin ƙarfe a ƙarƙashin sabon shugaba, Garrosh.

Dole a ba masu tsara wasan haƙƙinsu. Tsohuwar duniyar tana da nakasa da kowa ya sani. Aike yakan tura mutum daga wannan nahiya zuwa waccan a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Akwai yankunan da aike ke ƙarewa a cikinsu tun jarumi bai isa wucewa gaba ba. An kuma gina birane ne domin a gan su daga ƙasa, bayan wasu gine-ginen babu komai sai fanko, don haka ba a iya barin mutane su tashi sama a kansu. Cataclysm ya gyara duk wannan. Aike ya zama a jere, kowane yanki da labarinsa mai farko da ƙarshe, tashoshin sufuri suka ƙaru, tashi sama ya halatta. Ga sabon shiga, duniyar 2010 ta fi ta 2004 sauƙin zama nesa ba kusa ba.

A nan ne matsalar adabin take. Aikin gyaran gari ne aka yi, aka sa masa rigar bala'i. Dodon uzuri ne na injiniya. Ana gane haka daga yadda ɓarnar ta san inda za ta faɗa: ta tsaga yankin da ya yi wa masu tsarawa girma, ta nutsar da wanda ba a cika zuwa ba, ta kuma tsirar da ciyawa a hamadar Desolace da aka daɗe ana kuka da rashin kyanta. Bala'in da ke bin jadawalin ofishin tsara birane ba ya tsorata kowa. Ko shi Deathwing, da aka sa yakan bi ta kan wani yanki ba zato ya ƙone duk wanda ke wurin, an mai da mutuwa a wutarsa lambar yabo da ake tarawa, har mutane suka riƙa jiran zuwansa kamar masu jiran mota.

4.0 Kufan Wa?

Mai kare wasan zai ce ai Cataclysm cike yake da kufai. Gaskiya ne akwai rusassun gine-gine ko'ina, kuma wasu an yi su da gwaninta. Darkshore ya fi kowane yanki cin nasara a wannan fanni. Sabon jarumi yakan fara da bin bakin teku yana neman waɗanda suka tsira daga Auberdine, kuma sunayen da ke kan waɗanda ya tarar a yashe sunaye ne da tsohon ɗan wasa ya sani, mutanen da suka taɓa aikensa shekaru da suka wuce. A wannan wuri labari ya yarda cewa mai wasa yana da jiya, ya kuma yi magana da ita cikin ladabi.

Westfall ya yi akasin haka. A tsohuwar duniya, ɗan Alliance da ya shigo yankin yakan fara cin karo da wani manomi, Furlbrow, da matarsa, tsaye a gefen hanya kusa da amalankensu, da tsohuwar goɗiyarsu Blanchy wadda mai wasa ke nemo wa hatsi. Talakawa ne da 'yan fashi suka kora daga gonarsu, kuma miliyoyin mutane sun taimake su. Bayan sauyin, gawarwakinsu ake tararwa a wurin, har da ta goɗiyar. Wanda ke tsaye a kansu wani mai bincike ne, Horatio Laine, kwaikwayon jarumin shirin talabijin na Amurka CSI: Miami, yana sa baƙin tabarau yana wasa da kalmomi. A kewaye kuma ga marasa matsuguni da yaƙi ya talauta, waɗanda aikinsu a farkon labarin shi ne a tatsi bayani daga bakinsu. Wurin da ya fi dacewa da ta'aziyya aka mai da shi dandalin barkwanci. Haka aka yi wa Redridge da kwaikwayon Rambo, aka kuma cika Uldum, sabon yanki mai kamannin Masar, da kwaikwayon Indiana Jones. Wanda ya ƙirƙiri bala'i yana tsoron a ɗauke shi da gaske.

Amma ko da duk yankunan sun yi kyau irin na Darkshore, da sauran magana. Kufan da aka tsara na mutanen labari ne. Abin da mai wasa ya rasa a Auberdine ya wuce gine-gine. Auberdine tasha ce. A kan dogon gadon jirginta ake tsayawa jiran jirgin ruwa, kuma a cikin wannan jira na 'yan mintoci ake gaisawa da wanda ba a sani ba, a yi ciniki, a ƙulla tafiya tare. Duk wanda ya san tashar mota a Funtuwa ko Maraɗi ya san cewa rabin amfanin tasha yana cikin jiran. Barrens ma ba a tuna shi don kyan ƙasa. Girmansa da rashin abin hawa sun sa mutane suna tafiyar ƙafa mai tsawo, suna cika zauren hirar yankin da surutu da ba'a, suna tambayar inda matar Mankrik take, wata gawa da aike ya ce a nemo ba tare da kwatance mai kyau ba, har tambayar ta zama karin magana a tsakaninsu. Tsakanin Southshore da Tarren Mill kuwa, 'yan wasa da kansu suka mai da fili fagen daga a 2005, ba da umarnin kowa ba. Duk waɗannan abubuwa sun tsiro ne daga gurbin da tsari ya bari, daga nisa da jira da ɓata hanya, wato daga abubuwan da Cataclysm ya zo gyarawa. Tuan (1977) ya ce sarari yana zama wuri ne idan an dakata a cikinsa. Sabuwar taswirar an yi ta ne don kada a dakata.

Babu tsingaron da ya rage na wannan rayuwa, domin ba rushe tsohuwar duniyar aka yi ba, goge ta aka yi aka rubuta wata a kan allon. Abin mamaki, a cikin wannan kashi ne aka shigo da sana'ar haƙar kayan tarihi. Mai wasa yakan ɗauki awo da shebur ya tono gutsattsarin daulolin da marubuta suka ƙaga, masu shekara dubu goma, amma babu inda zai haƙa ya sami ko ƙyallen shekara shidan da shi kansa ya yi. Daga baya an sa wata mai suna Zidormi a wasu yankuna, wadda ke mai da mutum zuwa kamannin wuri kafin wani sabon sauyi, amma ba ta kai shi bayan 2010. Hatta lokaci ya karye: a wancan lokaci sabon jarumi yakan girma a duniyar bayan bala'i, in ya kusa mataki na 60 sai ya tsallaka ƙasashen 2007 da 2008 inda bala'in bai faru ba tukuna, sarkin da aka ce an kashe yana nan da ransa.

Wuri guda ne ya yi kama da kufai na gaskiya, shi ma bisa sakaci. Ramin unguwar lambu ta Stormwind ya zauna kusan shekara shida babu abin yi a cikinsa, sai dai mutum ya tsaya a bakinsa ya tuna. A 2016 aka cike shi aka gina wa sarki Varian hubbare.

5.0 Karatu Daga Najma

Kwana biyar kafin fitowar Cataclysm, ranar 2 ga Disamba, 2010, FIFA ta ba Katar karɓar gasar cin kofin duniya ta 2022. A farkon wannan shekarar aka fara aikin Mushairib, inda aka share kimanin hekta 31 na tsohuwar tsakiyar Doha, har da kewayen titin Kahraba da ƙananan shagunansa, waɗanda galibin masu su da mazauna bayansu baƙi ne. Aka gina sabuwar unguwa mai kyau ƙwarai, aka bar tsofaffin gidaje huɗu aka mai da su gidajen tarihi. Ɗaya daga cikinsu, gidan Bin Jalmud, yana ba da tarihin bauta a yankin, abin da ya cancanci yabo. Amma tsarin iri ɗaya ne da na Darkshore: an zaɓi jiyan da za a tuna, an yi mata ɗaki. Jiyan tela ko mai gyaran rediyon da ya yi shekara ashirin a layin ba ta cikin zaɓin.

Najma, wadda sunanta ke nufin tauraro, tana nan kusa, maƙwabciyar Mansura da Ummu Guwailina. Tana cikin unguwannin da suka rage da tsohon fasali: gajerun benaye, ɗakunan haya, gidajen abinci masu araha, da Suƙul Haraj, kasuwar gwanjon da ake sayar da katifu da firji da na'urorin sanyaya ɗaki da kujeru, da yawansu na waɗanda kwantiraginsu ya ƙare suka tafi. Mazaunin Najma yana kwana a kan gadon wanda ya riga shi, ya kuma san inda gadon zai koma. Ya ga an rufe gidan siliman Gulf a 2013. Ya yi shekaru yana bin karkatattun hanyoyi saboda haƙar jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a 2019. A watan Oktoba na 2022 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito yadda aka fitar da ma'aikata baƙi daga gidaje a Mansura cikin 'yan sa'o'i, gwamnati kuma ta ce aikin yana cikin tsarin sake fasalin unguwanni da aka daɗe da shi.

Ba daidai ba ne a haɗa wanda aka fitar daga ɗakinsa da dare da wanda ya rasa gari a cikin wasa. Na farko ya kwana a titi, na biyu ya kashe kwamfuta ya kwanta. Abin da ya haɗa su matsayi ne a gaban doka. A ƙa'idar da Katar ta fitar a 2020 game da mallakar gidaje ga baƙi, Najma tana cikin yankunan da baƙo zai iya riƙe haƙƙin amfani har shekara 99, ba mallakar asali ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da bambanta mallakar amfani da mallakar abu kansa. Yarjejeniyar da kowane ɗan wasa ke amincewa da ita kafin ya shiga Azeroth, yawanci ba tare da ya karanta ba, ita ma izinin amfani ce kawai: jarumin da takobinsa da ƙasar da yake takawa duk na kamfani ne, kuma kamfani yana da ikon canza su.

Ɗan wasan da ke zaune a gidan gadonsu a wani ƙauyen Jamus yana iya shekara shida bai lura da wannan ba, har ya ɗauka shi ɗan gari ne a Azeroth. Shi ya sa sauyin ya zo wa irinsa kamar cin amana. Baƙon Najma ba shi da wannan ruɗu game da Doha, inda fiye da kashi 80 cikin 100 na mazauna baƙi ne, kuma an san baƙo raɓa ne. Idan yana da ruɗu, to game da Azeroth ne, domin ita ce wurin da ba ta canza ba tun yana shiga daga shagon intanet a Kano ko Zariya, ita ce kuma ta biyo shi ƙetare ba tare da biza ba. Hausawa suna cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wannan hukunci ne a kan wanda ya tafi, kuma ɗan ci-rani ya karɓe shi tun ranar da ya hau jirgi. Abin da karin maganar ba ta tanada ba shi ne gidan da zai bar mutum alhali yana zaune a ciki, yana kuma biyan haya duk wata. Daga wannan mazauni, ana ganin Cataclysm a matsayin abin da yake: sanarwar mai gida, wadda aka rubuta da harshen almara.

6.0 Maido da Abin da Aka Goge

Akwai wasan da ya bi wata hanyar a daidai wannan zamani. Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix na Japan ya fito a Satumba 2010 cike da nakasa, aka damƙa shi ga Naoki Yoshida, shi kuma ya yanke shawarar rushe duniyar ya sake gini. Dalilinsa ma na injiniya ne. Bambancin yana cikin yadda aka yi. An rataya wani jan wata, Dalamud, a sararin sama, yana ƙara girma wata bayan wata a idon kowa. Ranar 11 ga Nuwamba, 2012, 'yan wasa suka taru suna kallonsa har aka kashe na'urori. Da aka sake buɗewa a Agusta 2013, an ba tsofaffin da suka cika sharaɗi wani tambari a gadon bayan jaruminsu, kamar tsagar gado, mai nuna cewa wannan ya ga tsohuwar duniya. Nan ma ba a bar kufai ba, amma an yi jana'iza, an kuma bar shaida a jikin masu makoki. Blizzard bai yi ko ɗaya ba.

Masu biyan kuɗin World of Warcraft sun ragu zuwa miliyan 9.1 a tsakiyar 2012. Dalilan suna da yawa, kuma ganganci ne a ɗora su duka a kan taswira. Abin da ya fi nuna ƙishin tsohuwar duniyar shi ne yadda mutane suka riƙa gina ta a ɓoye. Mafi shahara ita ce Nostalrius, wadda 'yan sa-kai suka gudanar daga Faransa, ta tara rajista kusan 800,000 kafin lauyoyin kamfanin su sa a rufe ta a Afrilu 2016. Tun a 2013, da wani ya tambaya a taron BlizzCon ko za a dawo da tsohon wasan, J. Allen Brack ya amsa masa da cewa yana zaton yana so ne, amma ba ya so. Shi dai wannan Brack shi ne ya hau dandali a 2017 ya sanar da World of Warcraft Classic, wanda ya fito a ƙarshen Agusta 2019.

Mazaunin Doha ya san irin wannan aiki, domin yana zuwa Suƙ Waƙif. A tsakiyar shekarun 2000 aka cire wa kasuwar ƙarin gine-ginen zamani, aka mai da ta kamannin da ake jin tana da shi a da, da bango mai launin ƙasa da rufin itace. Ta yi kyau, tana kuma cika da jama'a kowane dare. Boym (2001) ta bambanta begen da ke son sake gina gidan da aka rasa tubali-tubali da begen da ke zama da rashin yana tunani a kansa. Suƙ Waƙif da Classic duka na farkon ne. Classic ya dawo da kowane dutse na Barrens, amma waɗanda suka dawo cikinsa sun riga sun san inda matar Mankrik take, da takobin da ya fi kowane, da hanyar da ta fi gajarta. Rashin sani, wanda shi ne ya sa ake tambayar juna, ba ya cikin abin da ake iya ɗorawa a na'ura. Kufai yana nuna wa mai ziyara cewa lokaci ya wuce. Sabon gini mai tsohuwar kama yana ƙoƙarin ɓoye masa hakan.

Sannan Classic ya ci gaba da bin sawun tarihinsa, kashi bayan kashi, har ya iso inda aka tsaya. A bazarar 2024 aka fitar da Cataclysm Classic, aka sake tsaga Barrens, aka sake nutsar da Thousand Needles, wannan karon a ranar da aka sanar tun da wuri, a kan mutanen da da yawansu sun zo ne don gudun wannan rushewar. An dai bar wasu uwayen garke a daskare a kan fasalin farko tun 2021, ga mai so. A can Furlbrow da matarsa suna tsaye a gefen hanya har yanzu, jirgin Auberdine kuma yana tashi zuwa Menethil duk bayan 'yan mintoci, ko da fasinja ko babu.